Tukunya ɗaya, ƙabila shida: Yadda rayuwa take a gidan masu yi wa ƙasa hidima

Tun kafin kiran sallar asuba ake fara jin ƙarar bokiti a tsakar gidan. Wanda ɗibar ruwa ta faɗo kansa a ranar ba ya jiran gari ya waye, domin in ya makara zai tarar matan unguwa sun jera jarkokinsu a bakin tuƙa-tuƙa, ga kuma mutum 14 a gida suna jiran ruwan wanka kafin su kama hanyar wurin aiki.

Haka safiya take a gidan da na zauna na wata 11 lokacin da nake yi wa ƙasa hidima a wani gari da ke yankin Oke-Ogun a jihar Oyo. Ɗaki shida ne da banɗaki biyu da ɗakin girki ɗaya, sai baranda mai dogon benci. Maza na da ɗaki huɗu a gaba, mata na da biyu daga ciki. Ƙaramar hukuma ce ta ware gidan domin 'yan bautar ƙasa. Mutanen gari na kiransa gidan kopa, mu kuma muna ce masa loj.

Irin wannan gida na nan a garuruwa da dama a faɗin Najeriya, har da namu na Arewa. Muna ganin mazaunansa cikin kaki ranar zaɓe, muna ganinsu riƙe da alli a makarantun 'ya'yanmu, ko sanye da farar riga a asibitin ƙauye. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa leƙa inda suke kwana. Alhali a can ne matashi ke yanke shawarar ko zai zauna ya yi aikin da aka turo shi, ko zai tattara kayansa ya nemi sauyin jiha.

Daga sansani zuwa loj

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kafa hukumar NYSC da dokar soja mai lamba 24 ta ranar 22 ga Mayun 1973, shekara uku bayan ƙare yaƙin basasa. Manufar ita ce a ɗauki matashin da ya kammala karatu a kai shi jihar da ba tasa ba, ya yi shekara guda cikin mutanen da bai sani ba, ko Allah ya sa zargi da tsoron da yaƙi ya bari su ragu. A yau tsarin ya shafi waɗanda suka kammala digiri ko babbar difloma ba su haura shekara 30 ba.

Shekarar na farawa ne da mako uku a sansani. Ni Iseyin aka kai ni. Wasu kuma Ƙaraye a Kano, wasu Wailo a Bauchi, ko Wamakko a Sakkwato, ko Fanisau a Jigawa. A sansani komai da mai yi maka. Begila ce ke tashin ka, sojoji ke jera ka a fareti, a dafa maka abinci sau uku, a faɗa maka lokacin kwanciya.

Ranar ƙarshe ake miƙa maka takarda mai ɗauke da sunan wurin da za ka yi aiki. Daga nan ka zama mai kula da kanka. Ina tuna tsayuwata a ƙofar sansani da jaka da bokiti, ina duba sunan garin da ko furta shi ban iya ba.

Abin da ke ceton mutane da yawa a wannan rana shi ne ƙungiyoyin addini na masu hidimar. Ƙungiyar Musulmi ta MCAN, da ta Kiristoci ta NCCF, da ta 'yan Katolika ta NACC, kowacce kan kawo motoci ta kwashi sababbin zuwa ta kai su gidajenta. A gidan MCAN shugaba Amir ne, ta mata kuma Amira. A gidan NCCF, wanda suke kira gidan iyali, Papa da Mama ake ce wa shugabanni. Dukkansu masu hidima ne irinka, ba mai biyan su ko sisi.

Kwana huɗu na yi a gidan MCAN, ina kwana a tabarma, ina cin abincin da ban san wanda ya saya ba, kafin shugaban makarantar da aka tura ni ya sa hannu a takardata, sannan aka ba ni gurbi a loj ɗin ƙaramar hukuma. Ba kowa ke samu da wuri haka ba. Wasu wuraren aikin kan ƙi karɓar wanda aka turo musu, su ce ba su da gurbi ko ba su da masauki, sai mutum ya koma ofis ya jira a sake tura shi wani wurin.

Dokokin da ke manne a bango

Abu na farko da za ka gani in ka shiga gidan shi ne wani faffaɗan kwali a gefen ƙofar ɗakin girki. An ja masa layuka da biro, an rubuta ranakun mako a sama, sunaye a ƙasa: ruwa, shara, wankin banɗaki, girki, cefane. Babu wani jami'in gwamnati da ya rubuta shi. Gado ne daga waɗanda suka riga mu.

Da yake rukuni-rukuni ake turo masu hidima, wato rukunin A da B da C, gidan ba ya taɓa zama kango. Kafin tsofaffi su tafi sababbi sun iso, kuma wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi. Su za su nuna maka mai shagon da ke ba da bashi, da ɗan acaɓar da ba ya tsawwala kuɗi, da kusurwar barandar da waya ke samun sabis.

Da ɗaga hannu muke zaɓen shugaban gida. Akwai ma'aji mai riƙe da wani tsohon littafin makaranta da ake rubuta duk kwabon da ya shiga ko ya fita. Akwai kuma wanda ake kira CLO, mai hidima ne shi ma, wanda ke tsakaninmu da sufeton hukumar a ƙaramar hukuma. Ana rufe ƙofa ƙarfe 10 na dare. Baƙo ba ya kwana sai an sanar. Namiji ba ya shiga ɓangaren mata bayan ƙarfe takwas. Wanda ya tsallake aikinsa tarar naira 200 ce. Kowace Lahadi da yamma a zauna taro a baranda, mai ƙorafi ya kawo.

Kwalin nan bai san ɗan gata ba. A gidanmu na Kano ban taɓa ɗora tukunya ba, da mahaifiyata da ƙannena mata. Ranar da girki ya fara faɗowa kaina, shinkafar mutum 14 ce ta kama, samanta tsatstsama, ƙasanta gawayi. Ba wanda ya ce uffan, sai dai kowa ya koma ɗaki ya jiƙa gari. Washegari wata 'yar ƙabilar Ibibio daga Akwa Ibom, wadda ta karanci aikin akawu, ta kira ni ta tsaya a kaina har na koyi auna ruwa. Malam take ce mini, ni kuma ina ce mata Anti, domin ta girme ni da shekara biyu.

Lissafin tukunya

A lokacinmu alawus ɗin gwamnatin tarayya naira 19,800 ne a wata. In ka raba shi gida 30, naira 660 ke nan a rana, a ciki za ka ci, ka hau abin hawa, ka sayi kati, ka sayi sabulu, wani ma ya aika gida. Wasu jihohin da wuraren aiki kan ƙara ɗan wani abu, wasu ba sa ba da komai.

Babu mai iya rayuwa da wannan kuɗi shi kaɗai cikin walwala. Dabarar ita ce tukunya ɗaya. Kowa na ba ma'aji naira 3,000 da zarar kuɗi sun shigo. Ranar kasuwa mutum biyu su tafi da buhu, su auno gari da wake da shinkafa da kongo, wato mudun ƙasar Yarabawa, su sayo manja da barkono da busasshen kifi. Doya ba ta da tsada a Oke-Ogun, domin yankin noma ne da ke ciyar da jihar Oyo. Nama kuwa sau ɗaya a mako, kuma ni ake aika unguwar Sabo wajen mahauta Hausawa. Hakan ya kashe tsuntsu biyu: mu Musulmin gidan hankalinmu ya kwanta kan yanka, sannan da na yi Hausa sai a yi mini gyara.

Kuɗin ba sa shigowa sai ka je tantancewar wata-wata ka dangwala yatsa, da takardar shaida daga wurin aikinka cewa kana zuwa. Makon ƙarshe na wata kowa ya san shi. Miya ta koma ruwa, gari da ƙuli-ƙuli su zama abincin rana da na dare. Ranar da alat ya fara shiga wayar mutum ɗaya, sai ka ji ihu daga ɗaki zuwa ɗaki.

An ƙara alawus ɗin zuwa naira 33,000 a Janairun 2020. A Satumban 2024 gwamnati ta amince da naira 77,000 bayan mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, amma sai a Maris ɗin 2025 aka fara biya. Naira 77,000 kusan 2,560 ke nan a rana. A takarda ya ninka namu kusan sau huɗu, sai dai a tsakani an cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuma hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024.

Shi ya sa har yau babban tallafin da mai hidima zai samu shi ne ɗakin da ba zai biya haya ba. Wanda aka tura Abuja ko Legas ba tare da masauki ba, haya da kuɗin mota kaɗai sun isa su cinye alawus ɗinsa. Wanda ke loj a ƙauye, in ya iya tattali, yakan fita da ɗan jari.

Zo mu zauna, zo mu saɓa

Kada mai karatu ya ɗauka kullum cikin raha muke. Ƙabila shida ne a gidan: Hausawa, da Ibo, da Tibi, da Ibibio, da Nufawa, da Yarabawa daga maƙwabtan jihohi. Musulmi uku, Kiristoci 11. Kowa ya zo da abin da aka faɗa masa a gida game da ɗan uwansa.

Rigimar farko kan suna ce. Wani ɗan Ibo daga Anambra ya riƙa kirana Aboki, da irin muryar da ake kiran mai gyaran takalmi a titin Kudu. Na daure na mako biyu, sannan na kawo ƙara taron Lahadi. Na bayyana musu cewa kalmar ba zagi ba ce a Hausa, amma yadda ake faɗarta a can ta zama raini. Ya saurara, sannan ya tambaye ni sunan da muke kiran Ibo da shi a Kano. Na faɗa masa. Ya ce su ma haka yake yi musu ciwo. Ban taɓa tunanin haka ba sai ranar. Daga nan aka sa doka, kowa a kira shi da sunansa.

Sai batun sauti. Wasu na addu'ar dare da waƙoƙi har ƙarfe 12, mu kuma agogonmu na kaɗawa da asuba. Sai batun tukunya, ranar da wani ya kawo naman daji da ba mu san ko na mene ne ba ya dafa a tukunyar gida. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, daga ƙarshe aka sayi ƙaramar tukunya ta daban, aka ɗaura mata jan ƙyalle a hannu. An taɓa nemar naira 5,000 a ɗaki aka rasa, kwana uku ana kallon juna da zargi, ba a kuma gano wanda ya ɗauka ba har muka tafi.

Mafi zafi ita ce muhawarar manoma da makiyaya, matsalar da yankin Oke-Ogun ya daɗe yana fama da ita. Wani dare labarin wani rikici ya shigo ta waya, sai wani ɗan Tibi daga Binuwai, wanda ya karanci injiniya, ya juyo kaina kamar ni ne wakilin duk Arewa. Ya ce an kori danginsa daga gonakinsu. Ni ma na harzuƙa, na kawo nawa misalan. Muka yi ta ɗaga murya har shugaban gida ya kashe taron. Babu wanda ya gamsar da wani.

Da asuba kwalin bango ya haɗa ni da shi a ɗibar ruwa. Muka tafi shiru, muka bi layi shiru. A dawowa jarka shida ce a baro ɗaya, ga hawa, dole ɗaya ya tura ɗaya ya ja. Kafin mu kai gida ya tambaye ni ko na iya gyara tayar baron, na ce sai dai mu kai wa mai faci. A nan gabar ta tsaya. Ra'ayinsa bai sauya ba, nawa ma haka, amma daga ranar na daina jin rikicin Binuwai a matsayin labarin rediyo, domin na san mutumin da gonar kakansa ke ciki.

Da azumi ya zo, ba mu roƙa ba, taron Lahadi ya cire mu uku daga girkin rana ya mayar da mu na dare, kuma ana ajiye mana rabon sahur a kula. Da Kirsimeti suka tafi gida, mu muka tsare gidan. Da Babbar Sallah mutanen Sabo suka aiko mana da nama, Anti ce ta soya shi, kowa ya ci.

Aikin da babu shi a takarda

Da ƙarfe bakwai da rabi gidan ya watse. Yawancinmu makarantu muke tafiya. Ni da na karanci aikin jarida Turanci aka ba ni a babbar sakandare, aji ɗaya zuwa uku. Lissafi da kimiyyar fiziks a makarantar duk masu hidima ne ke koyarwa, kuma na san haka abin yake a makarantun karkara da yawa, Kudu da Arewa. Ranar Alhamis ce ranar aikin raya al'umma, wanda ake kira CDS. Mu sa kaki mu fita rukuni-rukuni, wasu sharar kasuwa, wasu wayar da kai kan tsafta, wasu kula da hanya.

Duk wannan wajibi ne, doka ce ta ɗora shi. Amma akwai aikin da babu wanda ya sa mu. Ɗan Tibin nan ne ya fara shi. Ya lura ɗaliban ajin ƙarshe da za su rubuta jarrabawar WAEC ba su iya lissafin da ya kamata su sani tun ƙaramar sakandare ba. Ya samo falanki, ya shafe shi da baƙin fenti, ya jingina a baranda, ya ce duk mai so ya zo da ƙarfe huɗu da rabi, kyauta.

Yara biyar ne suka zo ranar farko. Kafin wata biyu sun haura 30, har ana aro benci daga coci da tabarma daga masallaci. Na karɓi Turanci da rubutun insha'i, Anti ta karɓi lissafin kuɗi, wata Banufiya da ta karanci haɗa magunguna ta karɓi kimiyyar sinadarai. In an ɗauke wuta, fitilar waya ce.

Ba mu karɓi kuɗi ba, amma garin ya biya ta hanyarsa. Sai mu wayi gari mu ga doya a ƙofa ba mu san wanda ya ajiye ba. Matan kasuwa suka riƙa yi mana ragi. A layin tuƙa-tuƙa aka fara cewa a bar kopa ya ɗiba, yana da makaranta.

Hukumar kanta na da irin wannan a babban mataki. Tun 2014 take gudanar da shirin kiwon lafiya na mazauna karkara, inda likitoci da ma'aikatan jinya da masu haɗa magunguna daga cikin masu hidima ke duba marasa lafiya kyauta. Amma darasin baranda ba ya cikin kowane rahoto. Ya yiwu ne kawai domin malamai huɗu na kwana a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Daren da zazzaɓi ya shigo

Cikin damina, wajen ƙarfe ɗaya na dare, aka buga mana ƙofa daga ɓangaren mata. Ƙaramarmu ce a gidan, 'yar Ibo daga Enugu, jikinta ya yi zafi kamar garwashi, tana karkarwa tana sambatu. Ga ruwan sama, ga duhu. A wannan daren dokar ƙarfe takwas ta faɗi.

Banufiyar ta duba ta, ta ce wannan ya wuce maganin gida. Babu mai mota a cikinmu. Na tsallaka gidan maƙwabcinmu, wani dattijo mai babur da muke kira Baba, na buga masa ƙofa da 'yar Yarabancin da na tsinta. Bai tambayi komai ba, ya fito da babur. Aka ɗora ta a tsakiya, Anti ta riƙe ta a baya, sauran muka bi a ƙafa da tocila.

A asibitin aka ce sai an ajiye kuɗi kafin a sa mata ruwa. Ma'aji ya zaro kuɗin tukunya gaba ɗaya, na sauran kwana 12, ya miƙa. Zazzaɓin cizon sauro ne ya yi mata mugun kamu. Da gari ya waye mahaifiyarta ta kira tana kuka daga nisan ɗaruruwan kilomita. Wayar a hannuna take. Na ce, Mama, ta samu barci, muna tare da ita. Ta tambayi sunana, na faɗa. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta sa mini albarka.

Kwana uku ta yi a asibiti, muna karɓa-karɓar jinya. Sauran watan gari muka sha, kuma ban ji wanda ya yi ƙorafi ba. Taron Lahadin da ya biyo baya ya ƙara layi biyu a kwali: kowa ya ɗaura gidan sauro, kuma a riƙa ware naira 500 daga kuɗin kowa domin asusun rashin lafiya.

Gidajen da ke garuruwanmu

Bayan na dawo gida na daɗe ban tuna cewa a ƙaramar hukumarmu ma akwai irin wannan gida ba. Da na leƙa shi kwanan baya sai na ji kunya. Katangar baya ta zube, rufin ɗaki biyu na yoyo, ƙofar waje da waya aka ɗaure ta, ruwa kuma sai an saya wajen 'yan garuwa. Amma a gefen ɗakin girki ga kwali nan da layukan biro, sunayen 'yan Kudu a jere.

Waɗannan matasa sun zo ne da tsoro a zuciya, kuma tsoron na da tushe. A rikicin bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011 an kashe masu hidima goma a jihar Bauchi, a shekarar da hukumar zaɓe ta INEC ta dogara da su sosai a rumfunan zaɓe. A Agustan 2023 'yan bindiga sun sace matasa takwas 'yan Akwa Ibom a kan hanyar Zamfara suna tafiya sansanin Sakkwato, kuma sai bayan kusan shekara guda na ƙarshensu ya kuɓuta. Hukumar na yawan gargaɗin a guji tafiyar dare. A 2021 har ƙudirin neman soke shirin baki ɗaya aka gabatar a Majalisar Wakilai, kuma rashin tsaro na cikin dalilan da aka kawo.

Ba za a zargi uwar da ta matsa wa 'yarta ta nemi sauyin jiha ba. Ƙa'ida ta ba da damar sauyi saboda rashin lafiya ko aure ko matsalar tsaro. Amma duk wanda ya tafi, wani aji ne ya rasa malamin lissafi, wani asibitin ƙauye ne ya rasa mai duba marasa lafiya. 'Ya'yan talakawan garin ne ke biyan kuɗin.

Dokar NYSC ta ɗora wa jihohi da ƙananan hukumomi da wuraren aiki nauyin masauki da walwalar masu hidima. Abin da gidan ke buƙata bai kai kuɗin taron siyasa ɗaya ba: katanga, ƙofa mai kwaɗo, rijiyar burtsatse, 'yar wutar sola, gyaran rufi kafin damina. Sauran kuwa ba sai gwamnati ba. Mai unguwa ya san sunayensu. 'Yan sintiri su riƙa biyowa ta ƙofar da dare. Ƙungiyar iyaye da malamai ta san inda malamin 'ya'yansu ke kwana. Ya kasance akwai wani Baba mai babur da za a iya buga wa ƙofa da ƙarfe ɗaya na dare.

Ranar sallama

Ranar da muka karɓi takardar kammala hidima babu wani biki a loj. Ma'aji ya miƙa littafi ga wanda zai gaje shi, aka ƙirga tukwane da bokitai, har da mai jan ƙyalle. Allon baranda muka bar wa sababbin zuwa, tare da sunayen ɗaliban da ke zuwa darasi. Na sayar da katifata rabin kuɗi ga wani sabon kopa ɗan Kebbi da ya iso mako biyu kafin tafiyarmu, na kai shi Sabo na haɗa shi da mahauta.

Har yau muna da zaure a WhatsApp. Muhawara ba ta ƙare ba, musamman lokacin zaɓe, kuma ni da ɗan Tibi har yanzu ba mu cika zama a layi ɗaya ba. Amma duk ranar da aka ji wani abu ya faru a Kano, saƙonsa ne ke fara shigowa yana tambayar lafiyar iyalina. In aka ji na Binuwai, ni ma haka.

Da asubar ranar da zan tafi tasha, na ji ƙarar bokiti a tsakar gida kamar kullum. Na leƙa kwalin bango. An soke sunana a layin ranar Talata, an rubuta na ɗan Kebbin a wurinsa.